Haƙoran Baba Tela da Farar Rigar Likita

Shekara arba'in Baba Tela yana ɗinki, bai taɓa ɗaukar almakashi don yanke zare ba. Haƙoransa na gaba su ne almakashinsa. Da ciwon suga ya kama shi, sai dasashinsa ya kumbura, yana zubar da jini, haƙora huɗu suka soma girgiɗi.

Babban ɗansa, direban motar haya, shi ya kai shi wurin likitar haƙori. Ta duba, ta ce a cire duka huɗun.

"Madalla," in ji Direba. "A cire, ka rufe shagon nan, ka dawo gidana ka huta."

Baba Tela ya harare shi. "Wanda ya haife ka ne za ka ajiye a lungu kamar tsohuwar taya?" Ya juya wurin likitar. "'Yata, ba wata dabara?"

Likita ta ce akwai, amma ba ta yi alkawari ba. Za ta kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashin, ta riƙa sa masa wani man shafawa da ake haɗawa da sinadarin kurkum, ko kumburin zai sauka. Mako shida za ta ba shi. Sharaɗi biyu ne: ya sha maganin sugansa kan lokaci, kuma kada ya ƙara cizon zare.

"Kurkum ɗin girki?" Direba ya tuntsire da dariya. "Baba, sai ka ce naman da za a soya!"

"Yi dariyarka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Baba Tela ya riƙe sharaɗi. Ya bar shayi mai zaƙi, ya rataya ƙaramin almakashi a wuya. Bakinsa ya koma rawaya, maƙwabtansa na yi masa tsiya wai ya haɗiye kwalbar fenti, shi kuwa ko a jikinsa. Jini ya ɗauke. Don murna ya auna Likita da ido, ya yanka farin yadi zai yi mata kyautar rigar aiki.

Amma sabo turken wawa ne. A mako na biyar, ya gama shafa man ke nan, yana ɗaura maɓalli na ƙarshe kusa da kwala, hannu ya kai rigar baki tun kafin hankali ya iso. Ƙas! Zafi ya harba masa har ƙwaƙwalwa. Ya duba kwalar, ga tabo rawaya, shatar leɓensa.

Ya ruga famfo ya goga sabulu. Maimakon tabon ya fita, sai ya rikiɗe ya koma ja wur. Daidai nan Direba ya shigo.

"Jini! Baba, na faɗa maka! Tashi mu je a cire su yau."

"Kai da ka san burki kawai, ina ka san tabo? Kurkum ne ya gamu da sabulu. Matsa ka ba ni hanya."

Ya ɗauraye rigar, ya shanya ta a ƙofar shago inda rana ta fi duka. Kwana uku tana shan rana, tabon ya dushe, sai ɗan alama kamar inuwa. Direba ya ce a canza kwalar kada Likita ta gane.

"A'a. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni na ciza, ni zan faɗa."

Ranar komawa ya shimfiɗa rigar a kan teburinta, ya ɗora yatsa a kan alamar. "Ga rigarki, 'yata, ga kuma shaidar laifina. Sau ɗaya ne."

Likita ta kwantar da shi a kujera, ta haska fitila, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfenta.

"Baba, uku sun kama, dasashin ya lafa. Na huɗun, wanda ka yi cizon da shi, ba zai tsaya ba."

"To, cire shi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Da aka gama, Direba ya kama hannunsa a bakin ƙofa, ya sassauta murya. "Baba, yanzu dai sai gida ko?"

Baba Tela ya zame hannunsa. Da auduga a baki, magana na fita da ƙyar, ya ɗaga yatsu uku.

"Huɗu ka ce, uku na nan. Kuma da ƙafa ake taka keken ɗinki. Kai ni shago, ina da wanduna biyu da ban sa wa zik ba."