Bindigar Baba Gidiyon

Sun riga sun durƙusar da Titus a bakin rijiya lokacin da na fito da kofin kunu. 'Yan banga uku ne a kansa. Shugabansu, Ɗantala, yana riƙe da wata ƙaramar bindiga da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Ta taga aka hango ka kana goge ta," in ji Ɗantala. "Ku ne masu tare hanyar Diko, ko?"

"Oga, abeg, ta kakana ce. Shi ya ce in ciro masa."

"Kakan naka da ko cokali ba ya iya ɗagawa?"

Baba Gidiyon maƙwabcinmu ne a gidan haya a unguwar Hashimi, ɗakinsa na jikin namu. Idonsa ya tafi, kuma tun farkon damina yake kwance. Titus jikansa ne, yana tuƙa keke napep, shi kaɗai ya rage masa. In ya fita aiki, ni nake kai wa tsohon kunu, in juya shi, in wanke kwano. Duk mun gaji, shi ma Baban ya gaji. Na san in aka tafi da Titus da sunan fashi, ba zai dawo ya tarar da kakansa ba.

Sai muka ji muryar Baba daga ɗaki, ƙasa-ƙasa. "Yalwa, 'yata. Ce musu su shigo."

Ni ko gaida baƙin maza nauyi yake yi mini. Amma na faɗa, ina kallon ƙasa.

Ɗakin yana warin man zafi, fanka a tsaye don babu wuta. Ɗantala ya tsaya daga bakin ƙofa, na raɓe a bayan labule.

"Ɗantala ne? Na gane muryar. Har yanzu da hanci kake magana." Baba ya numfasa. "Kar ka miƙo mini ita. Riƙe ta a can. Ni zan faɗa, kai ka duba. In na kuskure ko ɗaya, tafi da yaron."

"To, Baba. Muna ji."

"A gindin mariƙinta akwai zobe. Nan soja ke ɗaura igiya ya rataya a wuya."

"Akwai."

"Ta hagu, inda babban yatsa yake sauka, akwai ɗan ƙarfe. Danna."

Ɗantala ya danna. Bindigar ta karye gida biyu, har ya zabura. Wani ɗan banga ya yi dariya, aka harare shi.

"Ramuka shida, babu komai a ciki. Yanzu juya ta. Za ka ga hular sarkin Ingila, sai wata alama kamar sawun kaza. Alamar kayan gwamnatin Turawa ce. Kusa da ita akwai shekara, alif ɗari tara da arba'in da biyu."

Ɗantala ya kai ta wajen haske, ya kanne ido, ya nisantar, ya matso da ita. "Abin ya yi ƙanana. Ke, kin yi boko?"

"Aji huɗu na tsaya."

"Zo ki karanta."

Ya miƙo mini ita. Na goge wurin da bakin hijabina. Lambobin sun sha hannu, amma suna nan. "Ɗaya, tara, huɗu, biyu."

Ɗantala ya karɓe ta. Sannan ya ce, "Baba, tsohuwar bindiga ma tana kisa."

Baba ya daɗe yana tari, har na ɗauka ba zai sake magana ba. "Leƙa bakinta."

Ya leƙa. Ya ciro tsinken tsintsiya ya zura, tsinken ya ƙi shiga.

"Dalma ce," in ji Baba. "Da babana ya dawo daga yaƙin Turawa na ƙasar Bama, shi ya narka ta a murhun tuwo ya ɗura. Ina yaro, ni na riƙa hura masa wutar. Ya ce wannan ta ci ta ƙoshi." Ya juya kai wajen bango. "So nake in riƙe ta kawai. Ban san abin zai tara mutane ba."

Ɗantala ya leƙa waje. "Ku saki yaron nan." Ya haɗe bindigar, ya tsaya yana jujjuya ta. "Dole in miƙa ta ga hukuma, Baba. Amma ba sauri. Zan dawo da yamma."

Ya ɗora wa Baba ita a tafin hannu, ya fita.

Titus ya shigo, gwiwoyinsa duk laka, ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. Na ba Baba kunu, ya sha cokali biyu ya kawar da kai. Na fita na kama wankina.

Bayan la'asar ina shanya, na ji Titus ya kira sunana sau ɗaya, a hankali. Tun daga kiran na gane Baba ya cika.

Da Ɗantala ya dawo, matan cocin su Baba sun fara taruwa a tsakar gida. Bai shiga ba. Ya cire hularsa ya zauna a kan benci. Titus ne ya riƙa buɗe yatsun kakansa ɗaya bayan ɗaya, ya zare bindigar, ya naɗe ta a tsohon tawul ya fita da ita.

Na tsaya in ja wa Baba mayafi. Hannun yana nan a kan bargo, rabi a buɗe, yatsansa ɗan ali ya ɗan lanƙwasa.