Geron da Ya Tsira a Turba

Ruwan shuka ya sauka da asuba, a daminar da ta biyo bayan shekarar fara. Kafin rana ta yi zafi Malam Jibo ya sa an sauko da damin iri daga rumbu, an sussuke, an sheƙe, an zuba a buhu. Sannan ya kira ɗansa Muttaƙa.

"Wanga na Gwaggonka Binta ne. Nasu sun cinye shi tun bazara. Ka bi kwalta, ka ji ko? In ƙasa ta sha iska, an yi asarar ruwan ga."

Muttaƙa ya ce to. Ya ɗaure buhun a bayan keke da igiyar roba, ya fita daga Ƙonni.

Bai bi kwalta ba.

Kwalta ta Tsarnawa take bi, kuma a tashar Tsarnawa Zaidu yake zama, a shagon ubansa, tun da ya dawo hutu. Aji ɗaya suka yi a lakwal, makarantar boko. Zaidu ya ci jarrabawa ya wuce Tawa ƙarin karatu, Muttaƙa ya faɗi ya dawo gida. Ranar da Muttaƙa ya wuce ta nan da ɗaurin kara, Zaidu ya ɗaga murya a gaban 'yan tasha, yana gaishe shi da Faransanci kamar wani ma'aikacin ofis: "Mushe Muttaƙa! Buro za a tahi?" Har yau dariyar tana kunnensa.

Saboda haka ya karkata ya kama turbar baya, wadda ya saba bi shi kaɗai in gida ya ishe shi. Ruwa ya kwantar da yashi, taya na tafiya sumul. Babu manyan motocin albasa na Galmi, babu oda, babu hayaƙi. Sai sabara da kalgo suna ɗigar ruwa, sai kurciya. Can cikin gonaki maza na sara da sungumi, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Duk sun ba turba baya. Ranar shuka ba mai ɗaga kai.

Ya ji daɗin tafiyar, wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Har waƙa ya yi. Da ya ji keken yana ƙara sauƙi, sai ya ɗauka ƙafafunsa ne suka yi ƙarfi.

A Zangon Dogo, ƙauyen su Gwaggo, Rashida ce ta fara ganinsa, ɗiyar Gwaggo, taubashiyarsa.

"Inna, ga malalacin Ƙonni ya iso! Wa ya turo ka, iska?"

"Ke dai kawo ƙwarya, mai bakin tsiya."

Ya juya zai kwance roba, sai ya tsaya cak. Buhun ya lotse. Kusurwarsa ɗaya ta zamo ta kwanta a kan taya, tayar ta ci ta har ta huda, rami kamar babban yatsa. Da kwalta ya bi, da bai wuce bakin gari ba wani ya ƙwala masa kira. Ya dafe ramin da tafin hannu, ya juye abin da ya rage a ƙwarya, ya ninke buhun ya cusa ƙarƙashin roba.

Gwaggo Binta ta fito tana ɗaura ɗankwali. Mijinta ya rasu shekarun baya, ita da Rashida ke riƙe da gonar. Ta dubi ƙwaryar ta daɗe.

"Shi ke nan abin da Jibo ya ba ka?"

Muttaƙa ya dubi ƙasa. "Shi ke nan, Gwaggo."

"To. Allah shi saka mai. Shekarar ta taɓa kowa." Ta ɗauki ƙwaryar. Da ta juya, ya ji ta ce wa Rashida a hankali, "Ni na goye shi hwa, har bayana ya yi kanta."

Ya tsaya ya taya su shuka. Irin ya ƙare ba su ci sulusin gonar ba. Sauran ta zauna fili, jiƙaƙƙiya, tana jira.

A gida Baba ya tambaye shi, "Ta samu?" Ya ce ta samu.

Kwanaki suka tafi. Gwaggo ba ta aiko da ko gaisuwa ba. Ran kasuwar Tsarnawa Baba ya dawo ya jingine sandarsa, bai nemi ruwa ba.

"Na ga Yaya Binta," ya ce wa uwar Muttaƙa. "Ta gaishe ni kamar wani baƙo, ta wuce. Mi na yi mata? Rabin irina na ɗebe na ba ta. Gonar tudu ma ban shuka ba saboda ita."

Muttaƙa yana zaune a gindin rumbu da kwanon tuwo. Ya rufe kwanon.

Bayan wani ruwa mai ƙarfi, da sassafe, ya ɗauki keke ba wanda ya aike shi. Turbar baya ya sake bi, don ya rabu da idon Baba. Bai yi nisa da bayan Tsarnawa ba ya kama burki.

Gero ne a gefen turba, ya kai tsawon taƙi, layi ɗaya siriri. Inda ya kauce wa kududdufi ran nan, layin ya kauce. Gindin gawon da ya tsaya shan ruwa, geron ya yi cunkus kamar an zuba da gangan. Awaki sun ci wani wuri, zabi sun tsince wani, amma layin yana nan, ya miƙe har inda ido ya ƙare.

Ya sauka. Sannan ya jingine keken ya durƙusa. Ƙasa na da laushi. Ya riƙa cirowa da saiwa da 'yar ƙasarta, yana datse kan ganyen yadda ake yi wa dashe. Buhun nan yana ƙarƙashin roba tun ran nan. Ya tsoma shi a kududdufi, ya naɗe tsiron a ciki.

Rana ta ɗaga lokacin da Rashida ta same shi a filin gonarsu, yana huda ƙasa da tsinin sanda yana dasawa. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta fasa, ta koma ta kira uwarta.

Gwaggo ta zo ta tsaya a kansa. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta ɗaga jiƙaƙƙen buhun, ta juya shi, ta zura yatsa ta ramin ya fito ta waje.

"Daga ina?"

"Turbar baya."

"Tun daga ina?"

"Tun bayan Tsarnawa."

"Ashe zabin daji ka yi ma gona," in ji Rashida. "Ɗan lakwal ke nan."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. "Cikin kasuwa, gaban mutane, na juya ma ƙanena baya. Kai kana gida kana cin tuwonai."

Muttaƙa ya huda wani rami, ya dasa tsiro.

"Dashe ba shi kai shuka," ta ce. "Wani shi kama, wani shi mutu." Ta karɓi sandar daga hannunsa, ta huda rami, ta miƙo hannu ya ba ta tsiro. "Ka koma ka kwaso sauran tun ƙasa ba ta bushe ba. Gobe da sahe ka zo ka ɗauke ni bisa keken ga, ka kai ni wurin Jibo. Kai za ka yi magana, ni in saurara."

"To, Gwaggo."

"Kuma ta kwalta. Ban son hanyar da ba kowa."

Ya tuna shagon tasha, da bencin da Zaidu ke zama. Ya ce to. Ya ɗauki buhun, ya ƙulle kusurwar da ta huje, ya tura keken zuwa turba.