Yatsan Mai Agogo

Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin wayar hannu ta kashe masa kasuwa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai gaisuwa jefi-jefi. Daga shi sai ɗaki ɗaya da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba.

Da wata jami'a ta nemi tsofaffi don gwada wasan kwamfuta mai kaifafa tunani, har da shi aka rubuta, aka ba shi kwamfutar hannu. Wasan ba wuya: kifaye su bayyana, su ɓace, ka taɓa inda jan cikinsu ya tsaya. Kowace Laraba ɗalibar da ke binciken takan zo duba makinsa. In ya yi kyau ta yaba ta tafi. In ya faɗi ta ja kujera, ta tambayi barcinsa da cin abincinsa, har su gangara hirar marigayiya. Duk mako ita kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofar nan.

To, mutumin da ya saba ɗaukar ƙusa kamar ƙwayar yashi, kifi ne zai gagare shi? Amma dattijon nan ya shiga faɗuwa da gangan, ko kunya babu.

A mako na shida ta zo, ta ƙi zama. Ta ce na'urar tana auna saurin hannu da inda ya sauka. Ita kuwa ta lura: koyaushe gefen jan kifin yake taɓawa, dab da shi, cikin saurin da babu tsoho ɗaya da ya kai. Mai mantuwa ba ya kuskure da tsari haka.

"Baba, malamina ya ce sakamakonka ba zai shiga bincike ba. An cire ka. Yau zan tafi da na'urar."

Bai yi musu ba. Kunya ta rufe shi, amma abin da ya fi ci masa rai Larabar gaba ce.

"'Yata, zauna in yi miki na gaskiya sau ɗaya."

Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ya so ya ja lokaci, hannun ya ƙi. Ya riga ya saba da aiki mai kyau. Bai kuskure kifi ko ɗaya ba.

Minti huɗu duka-duka, wasan ya ƙare, ta miƙe.