Tseren Ƙarshe na Shanun Kawu Sahrawi

Busairi mai ɗaukar bidiyon biki ne, amma ranar tseren shanu alƙalan ƙauyen suka tsayar da shi a bakin layin ƙarshe, don a duk wannan yanki na tsibirin Madura ba mai kyamara kamar tasa. Ita kuwa kyamarar marowaciya ce, ba ta ba ka biyu: ko hoto ya fito garau, ko ta ɗauki hotuna rututu cikin kowane sakan. Rututun ne ya dace da tsere, Busairi ya sani sarai.

Sai ga kawunsa Sahrawi, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya dafa shi.

"Ɗana, bajimin nan nawa ya tsufa, yau ne gudunsa na ƙarshe. Ka ɗaukar min shi tas, kamar yadda kake wa amare."

"Kawu, in aka zo kusa da kusa fa?"

"Da shanun Haji Mattali? Waɗannan da ko akuya ba za su kamo ba?"

Busairi ya daɗe da yatsa a kan maɓallin kyamarar. Ya zaɓi garau ɗin.

Aka saki shanu, biyu na Kawu biyu na Haji Mattali, mahaya na maƙale da jelarsu. Kafin ƙiftawar ido sun keta layi kafaɗa da kafaɗa. A tseren nan ƙafar da ta fara taka layi ita ta ci, don haka kowa ya yo kan Busairi.

Ya dawo da bidiyon a hankali. A hoto ɗaya ƙafafun duka suna sama, ba su kai layi ba. A na gaba duk sun wuce. Tsakani babu komai. Kyau kam ya yi, har gumin wuyan bajimin ana gani.

Alƙalai suka ce a sake. Haji Mattali ya yi murmushi, don shanunsa matasa ne. Bajimin Kawu kuwa yana can ya durƙusa yana haki, ƙafar gaba na rawa.

Kunya da baƙin ciki suka rufe Busairi. Kawu ya karɓi kyamarar, ya daɗe yana kallo.

"Ni na san shi ya ci," ya ce a hankali. "Ku ba Haji. Ba zan sake tayar da shi ba."