Juwan Mai Huda Uku

"Ku aje ni nan, kusa da injin," in ji Baba Rabilu.

Labo da ƙaninsa Garzali suka sauke kujerar da suka ɗauko shi a kai, gindin bedin ƙofar gida. Tsohon bai fi nauyin damin gero ba. Shekara talatin da biyar yana gyaran mota a Agiye, yanzu ciwon hanta ya cinye shi, likita ta sallamo shi ya dawo gida.

Abu guda ya roƙa. A kai shi Gangara ya ga yayarsa Zulai, wadda ƙafa ta kwantar shekara uku. Rabonsu da magana tun rigimar gonar gado, shi kuwa ba ya son ya tafi bai nemi gafararta ba. Ga damina ta yanka hanya, duk unguwar ba motar da za ta iya ratsa koramar sai tsohuwar a-kori-kurar Labo maƙwabcinsa. Ita kuma tana tsaye baki buɗe: injinta ya mutu, an ɗora mata wani na hannu da aka sayo daga Kwatano. Saura a shimfiɗa juwan kilas, faifan nan da ke shiga tsakanin gangar inji da kansa, a ɗaure, a tashi.

"Baba, ga shi nan sabo a leda," in ji Labo. "Kafin la'asar mun kama hanya."

"Miƙo."

Ido ya riga ya yi rauni, sai ya bi gefen faifan da yatsa.

"Huda guda. Wa ya ce ka sayo wanga?"

"Irinsa ne a tsohon injin."

"Tsohon injin ya mutu, Allah shi jiƙan shi. Wanga baƙo ne, ka tambaye shi? Garzali, juya mini shi a hankali."

Garzali ya sa makulli a noti ya juya injin har fiston na farko ya hau sama. Aka ɗaga tsohon ya duƙa. Ya ɗora farcen babban yatsa a gefen gangar, ya ja shi zuwa kan fiston. Farcen ya ƙyale. Ya sake ja. Ya sa aka juya, ya bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, yana numfashi kamar zuga-zugi.

"An taɓa aske fuskar gangar nan. Fiston ya leƙo waje. Mai kauri yake so, mai huda uku."

Labo ya san mai huda uku ba shi a Agiye, sai Maraɗi, kuma ko an aika yanzu sai gobe da hantsi.

"Baba, mu sa wanga mana. Ai zai kai mu Gangara."

"Zai kai mu. Watakila ma shi maido ka. Daga nan fiston shi fara sumbatar kan injin, kafin kaka ka koma tura baro. 'Ya'ya bakwai gare ka, Labo."

"Inji ne fa! Ana sayen wani."

"Da mi? Shanunka biyu ka sayar ka sayo wanga, ina kwance ina ji."

Inna Lami, matar tsohon, ta leƙo daga zaure.

"Malam, don girman Allah ka bar yaron nan shi ɗaure. Kai ka san yadda ka kwana."

"Lami, tun da nake ban taɓa rufe inji bisa ƙarya ba. Ba da gawata a ƙofa zan fara ba."

Labo ya ciro salula, ya kira mai shago a Maraɗi. Tsohon na daga gefe yana cewa, "Ka ce shi ƙirga hudar da yatsa, kar shi duba kwali."

Washegari motar farko ta kawo saƙon. Labo ya shiga da shi har ɗaki. Baba Rabilu na kwance, leɓɓansa sun bushe. Aka ɗora masa faifan a ƙirji, ya lalubo gefen, bakinsa na motsi. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Madalla. Ka fara ɗauri daga tsakiya, ka fito waje. Kar ka yi gaggawa don ni."

Labo ya yi gaggawa duk da haka, amma daga tsakiya ya fara. Zufa na zuba masa a ido, yana ɗauri yana kasa kunne wajen gidan. Ana dab da azahar ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, ya zauna daram. Ya bar shi yana aiki ya ruga ciki.

"Baba, ta tashi! Garzali, sa katifa a baya!"

Inna Lami na zaune bakin gado, ta riga ta rufe masa ido.

"Ya ji ta," ta ce. "Ya ce in gaya maka muryarta ta yi. Sannan ya ce a gaya wa Yaya ta yafe masa. Daga nan sai kalmar shahada."

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Da safe Labo ya ɗauki Inna Lami suka nufi Gangara. Motar ta ratsa koramar, ruwa har ƙofa, ko gezau ba ta yi ba.

Aka fito da Zulai ƙofar gida a kan tabarma. Inna Lami ta durƙusa ta isar da saƙo.

"Ni da na yafe tun bara," in ji Zulai. "Jira nake shi zo in faɗa mishi."

Ta ce a matsa da ita jikin motar. Garzali ya manta bai sauke katifar ba, tana nan shimfiɗe a baya da matashin kai. Zulai ta miƙa hannu ta gyara matashin, ta share ɗan yashin da hanya ta watsa masa, ta bar tafinta a kai.