Ragowar Maganar Direba

Auta tana gyara masa wuyan riga, Direba yana ta motsa leɓe shi kaɗai. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kada shi, mutumin da a da muryarsa ke cika tasha ya koma sai nuni da ƙwanƙwasa kofi. Yau asibiti ta tara masu jinya da malaman gyaran magana a babban ɗakin taro, an kuma sa shi cikin waɗanda za su yi magana.

Abu ɗaya ya tanada: "Na gode wa Auta." Cikin 'ya'yansa ita ta ajiye karatunta, ita ke juya shi a gado, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Yayyenta kuwa sai dai a waya. Shi kuma tun da ya faɗi bai ƙara iya kiran sunanta ba, abin da ke cin ransa ke nan. Duk ranar asibiti, da an tura ta karɓo magani, sai ya zauna gaban madubi da malamarsa su yi ta gwadawa, har bakin ya fara ba da kai.

"Kada ka yi gaggawa, Baba," malamar ta raɗa masa. "Ja numfashi. Za su jira ka."

Shugaban ƙungiyar malaman ne ya fara. Bawan Allahn nan bakinsa kamar famfon da ya lalace. Ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin tarukan da ya halarta, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Babban kuskuren iyali shi ne ƙarasa wa mai jinya magana. Don Allah ku ba su lokaci." Aka yi ta gyaɗa kai. Kafin ya sauka lokacin ya cinye shi tas, masu abinci har sun fara buɗe kuloli a bayan ɗaki.

Aka gungura Direba gaba a kan keken guragu. Da yake hannun damansa ba ya ɗaguwa, shugaban da kansa ya riƙe masa makirfo.

"Na..." Ya ja numfashi. "Na go... de..."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Wa..."

Bakin ya buɗe, ya tsaya a nan. Sunan yana kan harshensa, yana jin sa, numfashi ɗaya kawai yake bukata. Wayar wani ta yi kuka. Shugaban ya saci kallon agogo, ya janye makirfon zuwa nasa bakin.

"Wa likitocinmu da malamanmu," ya ce yana murmushi. "Ku tafa masa."

Tafi ya ɓarke. Malamar ta sunkuyar da kai, don mutumin shi ne ubangidanta a wurin aiki. Direba ya so ya ce ƙarya ne, amma da wane bakin? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Auta, tana tsaye jikin bango da jakar magungunansa a kafaɗa, tana hawaye, ta fi kowa tafi.

Da aka tashi ta fito da shi baranda, ta taka wa keken birki, ta tafi bakin titi neman tasi. Jama'a duk suna ciki, ana ta ƙarar cokula. Ya ja numfashi kamar yadda aka koya masa.

"Auta."

Ya fito tsaf, kamar bakin bai taɓa ciwo ba. Babu kowa a barandar sai kujerun roba da aka jera.

Can ta dawo tana haki. "Baba, yau ka fitar da mu kunya. Wallahi kowa ya ji ka."

Ya kama hannunta da na hagu, ya buɗe baki.

"Ruwa?" ta ce, har ta fara lalube a jaka.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya gyaɗa kai.