Suruki a Bakin Shinge

Saje Haladu yana tsaye bayan buhunan yashi ya hango Makau ya sake yin abin. Wani dattijo ne ya taho a kan babur daga kasuwar Nasarawa Burkullu, kaya a bayansa har sun fi shi tsawo. Maimakon Makau ya ɗaga masa hannu, sai ya mayar da bindiga baya, ya durƙusa a tsakiyar hanya da kakinsa da hular kwanonsa, yana jero gaisuwa kamar wanda ya je neman aure. Dattijon ya amsa ko inji bai kashe ba, ya wuce abinsa.

Ran Haladu ya ɓaci. Makau ba rago ba ne, sun yi Barno tare, ya ga abin da yake iya yi idan wuta ta buɗe. Matsalar ita ce wani mai hikima a ofis ya ga dacewar a turo shi ƙasarsu, wai ya san hanyoyi. Hanyoyi kam ya sani, sai dai duk wanda ke bin su ko kawunsa ne, ko malamin da ya koya masa alwala, ko dangin matarsa Habsu, 'yar Adabka. Ta yaya mutum zai zura hannu a aljihun wanda ya yanka masa ragon suna? Haka shingen Makau ya zama ƙofar da ba ta da ƙyaure.

Da safen nan Laftanar, ogansu, ya kira Haladu a rediyon oba-oba, murya ba wasa. An tabbatar masa man fetur na shiga daji ta hanyar Adabka, kuma da man nan ne 'yan bindiga ke cika baburansu. Idan aka sake samun jarka ta wuce yau, a kawo masa mai tsaron wurin, daga kullen gadirum sai sallama daga aiki. Haladu ya san Makau na da 'ya'ya, kuma bai iya wata sana'a ba bayan wannan.

Ya taka ya same shi. "Makau, kai soja ne ko maroƙi?"

"Saje, wanga ƙanen Inna na. Dawa ta ɗai ya ɗauko."

"Ka buɗe ka gani?"

Makau ya sunkuyar da kai yana kankare ƙasa da takalmi.

"Na rufa maka asiri har na gaji," in ji Haladu. "Na mayar da kai wajen girki, ka ƙona shinkafa. Na ce a canza maka wuri, an ƙi. Yau Oga ya ambaci sallama. Duk wanda ya zo, ko limamin garinku ne, ka sauke shi."

"To, Saje."

Wannan "to" ɗin Haladu ya sha jin ta, don haka bai koma inuwa ba. Ya tsaya kusa da shi cikin rana, yana kallon yadda yake taɓa buhunan mutane da ɗan yatsa kamar mai taɓa tukunya a kan wuta.

Bayan azahar, lokacin da 'yan kasuwa suka fara komawa gida, layi ya yi tsawo. Can sai ga wani tsoho siriri mai farin gemu yana turo babur, buhunan dusa biyu ɗaure a baya. Makau na ganinsa ya juya baya gaba ɗaya, ya kama kallon gonar gero. Haladu bai buƙaci a gaya masa ba. Mutum ɗaya ne namiji ke juya wa baya haka, kuma wannan shi ne Malam Labbo, mahaifin Habsu.

"Sannu, Baba," in ji Haladu. "A kwance mana kayan."

"Dussa ta, Yallaɓai. Ta awaki."

Haladu ya ɗora hannu a kan buhu ya girgiza. Dusa ba ta yin ƙara irin ta ruwa. Ya yanke igiyar, ya tona, sai ga bakin jarka, warin fetur ya bugi hancinsa. Ɗayan buhun ma haka. Mutanen da ke layi suka zuba ido.

Tsohon bai yi gardama ba. Ya matso kusa, ya rage murya yadda Haladu kaɗai da Makau za su ji.

"Mutanen daji sunka aza muna. Sun ce in ba mu kai mai ba, ba mai yanke ko zangarniya guda bana. Gari ya taru anka ce ni zan ɗauko, tunda mijin ɗiyata na bakin hanya."

"Ka san da wannan, Makau?"

"Na sani, Saje," ya amsa, har yanzu bai juyo ba.

Haladu ya ji kamar ya shaƙe shi, ya kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya. Man nan idan ya wuce, wataƙila shi zai kawo waɗanda za su buɗe musu wuta jibi. Idan bai wuce ba, gero zai bushe a tsaye, ko abin da ya fi haka muni. Ba a koya masa wannan lissafin a makarantar soja ta Zariya ba.

"Baba, ba zai wuce ba," ya ce. "Wallahi ba zan iya ba."

"Na sani, ɗana. Aikinka na." Tsohon ya ɗan waiga wajen layin. "Amma cikin waɗanga akwai masu kai musu labari. In kun amshe shi cikin lalama, za su ce baki munka haɗa da surukina, ni na kawo ma soja. Ba ni kai gobe." Ya gyara hularsa. "Ka mare ni gaban mutane. Ka yi da ƙarhi."

Haladu ya dubi fuskar, fatar duk ta tattare, ya ji hannunsa ya yi nauyi. Shekarunsa a soja bai taɓa ɗaga hannu a kan mai furfura ba, kuma ya san mari ɗaya zai iya kayar da wannan tsohon.

Sai a lokacin Makau ya juyo. Ya cire bindigarsa ya miƙa wa Haladu, ya cire hular kwano ya ajiye a ƙasa.

"Ba shi za ka taɓa ba, Saje. Ni na bari yana wucewa. In sun ga ni anka kama, sun san ba haɗin baki. Kai kuma ka samu abin hwaɗa ma Oga."

"A gabansa, Makau?"

"A gabanai."

Haladu ya karɓi bindigar. Ya ja da baya, ya buɗe murya irin ta fareti, yadda har na ƙarshen layi zai ji. Ya kira Makau maci amana, ya kira shi ɗan fasa-ƙwauri, ya ce yau zai san gidan soja ya shigo. Sannan ya umarce shi ya kama kunnuwansa.

Makau, magidanci mai igiyar muƙami a hannun riga, ya tsuguna ya kama kunne, ya fara tsallen kwaɗo daga shingen zuwa gindin tsamiya, a gaban kawunnansa da matan garinsu. Wata mata ta ja mayafi ta rufe baki. Haladu na biye da shi yana tsawa, kuma kowace tsawa shi take fara yi wa ciwo.

Wani soja ya kwashe jarkokin ya kai bayan buhunan yashi. Malam Labbo ya ɗaure dusarsa a hankali, kansa a ƙasa, bai ko saci kallon wajen tsamiyar ba. Da ya gama ya tura babur ya zo daidai Haladu, ya yi magana ba tare da ya tsaya ba.

"Kak ka tsaishe shi yanzu. Bari sai na yi nisa."

Haladu ya dubi Makau, gumi ya jiƙa masa kaki. Ya dubi hanyar Adabka, miƙaƙƙiya ce, ba kwana ko ɗaya da za ta ɓoye tsohon da wuri.

"Ci gaba," ya ce.